Ba Kowane Shiru Ne Haƙuri Ba: Mu Sake Karanta Shaihu Umar

A wani layi a Fagge mun taɓa zaman makokin wata baiwar Allah da ta rasu ta bar 'ya'ya biyar. Babbansu namiji ne, bai wuce shekara 16 ba. Kwana uku ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kwana ukun nan yaron yana tsaye da ƙafarsa. Shi ke kawo ruwa, shi ke jera takalman baƙi, shi ke raka manya bakin titi. Duk wanda ya zo sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri, yanzu kai ne babba." Ran da aka share makoki, muka watse muna cewa, kai, yaron nan namiji ne, ko ɗigon hawaye bai zubar ba.

Bayan wata huɗu ya daina zuwa shagon da yake koyon kasuwanci a Kantin Kwari. Da rana barci, da dare ido biyu. Abinci sai an yi da gaske. Ƙannensa suka fara tsoronsa saboda saurin fushi. Mu ɗin nan da muka yaba masa, mu ne muka koma muna cewa ya lalace. Wasu suka ce abokan banza ya samu, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce a bincika ko ya fara shaye-shaye. Ba mu ji mutum ɗaya da ya haɗa halin da yake ciki da kwana ukun nan da muka hana shi kuka ba.

Wannan makanta ba daga sama ta faɗo mana ba. Koya mana ita aka yi, a gida da makaranta, har da littafin da muka fi girmamawa a cikin ƙagaggun labaranmu na farko, wato Shaihu Umar. Laifin kuma ba na littafin ba ne. Namu ne, mu masu karanta shi da masu karantar da shi, domin shekara 90 ke nan muna ɗaukar labarin wani yaro da duniya ta yi wa raga-raga muna mai da shi darasin yadda ake haɗiye baƙin ciki a yi shiru.

Ga wanda ya manta, bari mu tuna masa. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East, sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haifi Ɓalewa a 1912, ke nan yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon malamin makaranta da ya fito daga Kwalejin Katsina, ya rubuta shi. Daga baya Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Labarin ya buɗe ne a Rauta, kusa da Bauchi, inda wani babban malami ke zaune almajirai na zuwa ɗaukar karatu. Suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya ba su tarihinsa. To, mu ajiye rawani da alkyabbar malamin a gefe, mu ƙirga abin da ya faɗa kan yaron. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki. Mijin da mahaifiyarsa ta aura, Makau, wanda ya zame masa uba, fadawa 'yan'uwansa suka ƙulla masa sharri har aka kore shi daga Kagara. Mahaifiyar ta tafi Fatika ganin iyayenta ta bar shi a hannun amana, aka sace shi. Wanda ya sace shi kura ta cinye. Waɗanda suka tsince shi suka riƙe shi, mahara suka raba shi da su. Aka kawo shi Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, ya tsallaka hamada da shi zuwa Ber Kufa. Can ya girma, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud, ya zama malami. Mahaifiyarsa ta fito nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa a hayin hamada. Da Allah Ya haɗa fuskokinsu bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta cika. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, har da Abdulkarim, uban da ya rage masa.

Uba biyu, uwa ɗaya, ubangida ɗaya, gari, harshe, 'yanci. Duk hannun da yaron nan ya kama sai an fizge. Da a yau ne aka kawo mana shi a unguwa, ko mai taurin zuciya sai ya ce wannan yaro yana buƙatar a zauna da shi.

Amma me muka koya a aji? An rubuta mana a allo cewa jigon littafin shi ne haƙuri da yarda da ƙaddara, ƙaramin jigo kuma illar bauta. Aka ce mu kawo halayen Shaihu Umar guda biyar, muka jera: haƙuri, ladabi, ilimi, tsoron Allah, biyayya. Muka ci jarrabawa muka wuce. Ba a taɓa tambayarmu yadda yaro ke kwana a daren farko a ƙasar da ba ya jin harshenta ba. Ba a taɓa tambayarmu dalilin da ya sa mutumin da ya ga wannan bala'i yake ba da labarinsa cikin natsuwar mai karanta lissafin gado ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya sake buɗe littafin da idon babba zai lura da yadda Shaihu ke wuce wuraren da suka fi ciwo da sauri. Yana da lokacin bayyana shirin fita hari, da makircin fada, da yadda ayari ke tafiya. In an zo kan abin da ke cikin ƙirjinsa, sai maganar ta gajarce, a miƙa al'amari ga Allah, a ci gaba da tafiya. Mu muka kira wannan cikar kamala. Amma duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya tsira daga wani babban tashin hankali ya san irin wannan murya. Zai gaya maka ranar, da lokacin, da launin motar, da wanda ya fara isowa wurin, sarai kamar ɗan jarida. Ka tambaye shi yadda ya ji, sai ya ce, "To, Allah Ya riga Ya ƙaddara," ya sauya magana. Maganar tasa gaskiya ce, kuma a lokaci guda ƙofa ce da ya rufe don kada ka leƙa.

Littafin da kansa bai yarda cewa ƙofar ta rufu ba. Shaida ta farko mafarki ne. Umar ya girma, ya samu ilimi da matsayi, ba abin da ya nema ya rasa a gidan Abdulkarim, sai ga mafarki ya zo ya tayar masa da maganar uwa, ya hana shi sukuni har sai da ya kama hanya. Abin da bakin malami bai furta da rana ba, barci ya tona shi da dare. Shaida ta biyu ita ce uwar. Ita ba ta da rawanin da za ta ɓuya a ciki. Rashin ɗa da wulaƙancin bauta suka ci jikinta, ta rame, ta ƙare, ganin ɗan bai iya dawo da abin da shekaru suka zaftare ba. Ɓalewa ya ajiye mana mutum biyu masu rauni iri ɗaya: ɗaya raunin ya fito fili ya kashe ta, ɗaya ya lulluɓe nasa da karatu. Mu kuma muka ɗauki na biyun muka rataya a bango muka ce wa yara su yi koyi, ta farkon muka ba ta layi ɗaya a takardar amsa.

Kada mu manta da su wa aka rubuta wa littafin. Sai a 1936 doka ta ƙarasa soke bauta a Arewacin Nijeriya. Masu karatun farko sun san tsofaffin da aka kamo suna yara, waɗanda ba su san sunan garinsu ba. Fagge ɗin nan da muke zaune zangon fatake ce tun asali, a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma daga Azbin da hayin Sahara ke sauka su tashi. Irin tafiyar da ta ɗauke Umar daga Kano ta irin wannan zango take farawa. A ƙasar da muke takawa kullum an raba uwa da ɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau dubu ba. Ina wannan baƙin cikin ya tafi? Ba a yi masa makoki ba, ba a rubuta shi ba, an dai ce a yi haƙuri. Jikoki suka gaji shirun ba su san mafarinsa ba.

Mun san abin da za a ce mana, don mun sha ji a majalisa.

Na farko za a ce ciwon damuwa cutar Turawa ce, ta waɗanda suka ƙoshi kuma ba su da imani, mu Musulmi muna da tawakkali. Wannan magana ta fi kowace yaɗuwa, ta kuma fi kowace rauni, domin addinin da ake fakewa da shi bai faɗe ta ba. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, amma baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suka ji tsoron kada ya halaka, shi kuma ya bayyana cewa yana kai kukansa ga Ubangijinsa. Haƙurin da hawayen a jikin mutum ɗaya suka zauna, kuma Annabi ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suka sa mata suna, ba su ɓoye ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ran da ɗansa Ibrahim ya rasu, a gaban sahabbai. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furta abin da zai saɓa wa Allah. To, daga ina muka samo dokar cewa ɗan shekara 16 ba zai yi kukan uwarsa ba?

Batun cewa Turawa ne suka ƙago cutar kuwa, sai mu koma ga Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, fiye da shekara dubu da suka wuce. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ake sanin dalilinsa, kamar rasuwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai. Ya ce na biyun yana da nasaba da jiki, yana buƙatar magani, na farkon kuma ana taimaka masa da magana da gyaran tunani. Ya kuma koka da yadda likitocin zamaninsa suka kula da jiki suka bar rai. Malamin Musulunci ne ya rubuta wannan, da Larabci, tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Amurka.

Na biyu za a ce ba a auna mutumin cikin littafi da ma'aunin asibiti, kuma Ɓalewa bai zauna don ya rubuta labarin mai ciwon damuwa ba. Wannan gaskiya ne, mun karɓa. Ba mu ce Shaihu Umar majinyaci ne ba, ba mu da hurumin cewa haka, mai yiwuwa ma imaninsa da karatunsa sun riƙe shi da gaske, kamar yadda suke riƙe mutane da yawa. Ƙararmu a kan karatunmu take. Littafi mai kyau yakan ɗauki abin da ya fi niyyar marubucinsa, shi ya sa ake komawa gare shi bayan shekara 90. In malami zai iya ciro darasin illar hassada daga labarin Makau, me zai hana shi ciro darasin abin da rashi ke yi wa zuciyar yaro daga labarin Umar? Zaɓi muka yi. Mun zaɓi darasin da ba zai sa aji ya yi tsit ba, wanda ba zai sa wani yaro a layin baya ya sunkuyar da kai ba.

Dubi yadda wasu suka yi da nasu. A Amurka akwai littafin J. D. Salinger, The Catcher in the Rye, na 1951, labarin wani saurayi, Holden Caulfield, da aka kora daga makaranta ya yi kwanaki yana gararamba a New York yana kushe kowa da komai. An daɗe ana ɗaukarsa labarin ɗan tawaye mai bakin tsiya. Amma a cikin labarin akwai ƙanensa Allie da ciwon sankarar jini ya kashe, da daren da Holden ya farfasa tagogin garejin gidansu da hannunsa, kuma yana ba da labarin ne daga wurin da ake jinyarsa. Yau malamai da yawa a can da wannan idon suke karantar da shi: yaro ne da bai gama makokin ɗan'uwansa ba. Holden ya ɓuya a bayan surutu da izgili, Umar ya ɓuya a bayan natsuwa. Bambancin shi ne maɓoyar Holden tana ba manya haushi, don haka suka bincika. Ta Umar tana faranta mana rai, don haka muka sa masa albarka muka wuce.

Na uku za a ce kunya da kawaici da dauriya su ne ƙashin bayan tarbiyyar Bahaushe, in aka rushe su me ya rage? Mu ma ba mu son a rushe su. Mun ga amfaninsu. Su ne suka sa talaka ke fita da fara'a ko bai karya ba, su ne suka sa ba a tozarta juna a bainar jama'a. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne. Amma cikin da aka mai da shi rumbun da ba a taɓa buɗewa, abin da ke ciki ruɓewa yake yi. Kakanninmu da suka ce a yi kawaici su ne kuma suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, suka ce jiki magayi. Sun san abin da aka danne sai ya nemi mafita. Littafin Jiki Magayi ma, abokin tafiyar Shaihu Umar, labarin Abubakar ne da aka ƙwace masa Zainab, bai samu inda zai sauke abin da ke ransa ba, ya riƙe shi shekara da shekaru har ya zama ƙudurin fansa da ya cinye shi ya cinye wasu. Tun 1930 da 'yan kai marubutanmu suka nuna mana ƙarshen ciwon da aka rufe. Mu ne ba mu karanta ba.

Yanzu mu fito daga littafi mu tsaya a Bata, mu dubi gabas da yamma. Wannan yanki na Fagge da Sabon Gari ya ga abin da ya gani. Ranar 20 ga Janairun 2012 hare-haren da aka kai Kano sun kashe aƙalla mutum 185 a ƙidayar 'yan sanda. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road a Sabon Gari. A Nuwamban 2014 aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin gari. A Maris 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, mutane suka kwana da jari suka tashi da toka. Yaran da suka ga gawa a titi a waɗannan shekaru, waɗanda aka fita da ubanninsu ba a dawo da su ba, Hausawa da Ibo da Yarabawa, yau su ne samarin da ke tuƙa A Daidaita Sahu, su ne ke tsaron shago, wasu har sun yi aure. Wa ya zauna da su? An yi jana'iza, an share titi, an sake gina shaguna, an ce a yi haƙuri. Washegari aka buɗe kasuwa, muka yi alfahari da cewa Kano ba ta durƙusawa.

Sai kuma muka yi mamaki da kwalaben maganin tari suka cika kwatoci. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda kodin ke yawo a Kano da wasu garuruwa, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun shekarar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano cewa kimanin 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Ba mu ce duk mai shan ƙwaya ciwon damuwa ke damunsa ba. Amma duk wanda ya taɓa hira da su da gaske ya ji kalmar da suke maimaitawa: don in manta, don in samu barci, don kaina ya yi shiru. Mun hana su faɗa da baki, suka samo abin da zai kashe muryar daga ciki. Da abin ya fi ƙarfinmu kuma sai mu kai su gidan mari. A 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, ɗaruruwan mutane aka fito da su, da yawa da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu, suna biyan kuɗi, da zuciya ɗaya, don ba su san wata ƙofa ba. Littafin da ke ba da labarin sarƙar bayi muke karantarwa da safe, da yamma mu sa wa 'ya'yanmu mari.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta muna da wani kuskure da muke tsoro fiye da kowane. Manhajar da ta ci karo da matsala ta tsaya ta yi ƙara, wannan mai sauƙi ce, ranar za a gyara ta. Mugunyar ita ce wadda aka rubuta ta yadda in ta gamu da matsala za ta haɗiye, ta nuna komai lafiya, ta ci gaba da aiki. Wata shida tana lalata lissafi a ɓoye, ran da abin zai fashe ba wanda ya san daga ina ya faro. Sabon ma'aikaci ne ke rubuta irin wannan, don yana jin kunyar a ga jan rubutu a allonsa. Haka muke tarbiyyar 'ya'ya maza. Mata kuma mun ba su izinin kuka a ranar mutuwa, amma matar da ta haihu ta kasa jin son jaririnta, ta kasa barci, tana kuka ba dalili, ita ma "ki yi haƙuri, ki gode wa Allah" za ta ji, alhali abin da ke damunta ciwo ne sananne da ke kama mata bayan haihuwa, kuma yana da magani.

Ya kamata mu san abin da muke magana a kai. Baƙin cikin rashi ba cuta ba ne, hanya ce da kowa zai bi, kuma yawanci yana sassautawa in an samu masu saurare. Ciwon damuwa shi ne in ƙunci ko rashin sha'awar komai ya zauna wa mutum kusan kullum, mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci, ko ta cin abinci, da kasala, da kasa tattara hankali, da jin cewa shi ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. A wurinmu sau da yawa da jiki yake fitowa: ciwon kai da ba ya jin magani, zafi a ƙirji, jin abu na yawo a jiki, a yi ta zarya kemis ana sayen maganin maleriya da taifod. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280 a duniya. Ana warkewa, ta hanyar zama da ƙwararre a yi magana, ko magani, ko duka biyun. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Ke nan asibiti kaɗai ba zai ɗauke wannan kaya ba. Dole kason farko ya faɗo kan gida da aji da masallaci da majalisa.

Don haka ga abin da muke nema, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfin kowa a ciki ba.

Malaman Hausa, in kun zo kan Shaihu Umar, ku ƙara tambaya ɗaya a kan biyar ɗin da kuka saba: me kuke jin yaron nan ya ji, kuma me ya sa bai faɗa ba? Ku bar ajin ya yi shiru na minti ɗaya. A cikin yara sittin da ke gabanku akwai maraya, akwai wanda aka saki uwarsa aka raba su, akwai wanda aka kawo daga ƙauye aka ajiye a gidan da ba a son sa. Littafin nasu ne fiye da kowa.

Marubuta, musamman masu rubutu a waya da dubban mutane ke bi kullum, ku daina warkar da jarumanku da layi ɗaya. Yarinya ta sha azaba babi talatin, a babi na talatin da ɗaya ta auri mai kuɗi, shi ke nan komai ya goge. Ba haka rai yake ba, kun kuwa sani. Ku rubuta abin da ke biyo bayan ceto, daren da ba a barci, fushin da ba a san dalilinsa ba, da mutumin da ya zauna ya saurara.

Malamanmu na mumbari, ku gaya wa jama'a cewa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa bai saɓa wa tawakkali ba, kamar yadda ɗaurin karaya bai saɓa masa ba. Jumla ɗaya daga bakinku ran Juma'a ta fi rubutu irin wannan guda ɗari.

Mu kuma sauran, iyaye da yayye da abokai da iyayen gida a kasuwa, mu rage gaggawar cewa "sai haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma mun mai da ita murfi, muna faɗinta don a rufe maganar mu samu mu tashi. A faɗe ta, sannan a zauna. A koma bayan sadakar bakwai, a koma bayan arba'in, lokacin da tabarmi suka naɗe kowa ya kama gabansa, don a lokacin ne gidan ke yin faɗi. In mutum ya ce ya gaji da rayuwa, kada a tsawata masa a ce ya yi istigfari kawai a wuce. A riƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti.

Akwai abu guda a littafin da muka daɗe muna tsallakewa, ga shi kuwa a shafin farko yake. Duk tarihin nan bai fito ba sai da almajirai suka yi tambaya. Malam yana zaune a Rauta, ana zuwa ana ɗaukar karatu ana tafiya, ana sha'awar natsuwarsa, kayan na nan a ƙirjinsa. Ran da aka tambaye shi daga ina ya fito, sai ga littafi guda ya zubo. Ashe a shirye yake ya faɗa, mai tambaya ne bai samu ba.

Yaron nan na Fagge yana nan. Wani kawunsa ne, direban babbar mota da ba ya yawan magana, ya ɗauke shi suka yi tafiya zuwa Maraɗi suka dawo. Abin da suka tattauna a hanya nasu ne. Abin da muka gani shi ne bayan sun dawo kawun ya raka shi asibiti, kuma a hankali ya koma shago. Har yanzu akwai ranakun da ba ya son magana. Mu dai da muka tsaya a kansa muna yaba masa rashin kuka, har yau ba wanda ya je ya ba shi haƙuri a kan haƙurin da muka ɗora masa.